Jan Zobo, Jan Biro

Ƙarshen zango ne, ga ni a ofis,
ni da rajista da ƙudan azahar,
ina cika katin 'yan aji huɗu
a makarantarmu ta yamma da Maigatari,
inda yara suka ninka benci sau uku.
Na zo kan sunan Sahura Mati,
biro ya tsaya, hannu ya ƙi gaba.

Sau goma sha ɗaya ta makara,
ran Alhamis kuwa ba a batunta.
Na sha kama ta tana gyangyaɗi,
kai na ruku'u kan lissafin rabawa.
Wata rana da Hashimu goye take zuwa,
ta sauke shi a gindin darbejiya,
ta ba shi ƙuli-ƙuli ya yi shiru.

Ubansu na Ikko yana gadi,
muryarsa kan zo ta wayar maƙwabci,
kuɗinsa kan zo in wata ya yi kirki.
Uwarsu Tasalla tun assalatu
ta bi mata rumfar tsintar zobo,
buhu a biya, ba buhu ba biya,
sai an kira magariba ta dawo.
Kakarsu na nan, amma ido ya tafi,
da taku take gane jikokinta.

A majalisar ƙofar mai unguwa
an yanke hukunci, har da bakina:
gidan da uwa ta fita nema,
wa zai tsare ɗa ya yi karatu?
Na aika kira sau biyu, shiru.
Na ce a raina, to, ka gani ko?

Ran Juma'a bayan la'asar
sai ga ta, mayafi ya sha rana,
ta durƙusa nesa ta gaishe ni.
Ta ce, Malam, in na bar yini guda
tukunyarmu da sanyi take kwana.
Ban san boko ba, ko baƙi ɗaya,
amma na san ja, da shi nake yini.
Kowane dare in an ci tuwo
nakan karɓi littafin in haska,
in ƙirga ƙugiyoyin da ka yi mata,
in ƙirga inda ka gicciye.
In gicciye ya fi, ba ta kwanciya
sai ta sake, ina riƙe da fitila.

Na zaro littafin daga tari.
Ashe abin da na kira ƙazanta,
har na rage mata maki biyu,
shatin babban yatsa ne, jawur,
a kusurwar kowane shafi,
nata jan a gefen nawa jan,
kamar shaidu biyu kan takardar gona.

Ba zan ce komai ya daidaita ba.
Ta bakwai ta zo cikin sittin da uku,
da barci na isarta, da ta wuce nan.
Rabin hankalinta na kan allo,
rabi na murhu da tulun ruwa,
da ko Hashimu ya bi awaki.
Shekara tara, kayan ya fi wuyanta,
uwar ta sani, ta faɗa ba hawaye.
Amma na duba sauran tarin,
har na gidajen da kowa ke nan,
shafuka fes, ba mai taɓawa
sai ni da ƙura.

Gurbin sharhin malami ƙanƙane ne,
ba ya ɗaukar Ikko da rumfa
da kaka mai sauraren taku.
Na mayar da makin nan biyu.
Na fara rubutu, na tuna mai dubawa,
sai na ja ƙugiya guda, babba,
wadda za a gani daga tabarma
ko batirin fitila ya yi sanyi.